Sha-Kaucin Garkar Kaka

Gidanmu na Birnin Kebbi ba shi da garka. Daga bakin get har ƙofar madafi siminti ne, an malale shi sumul don kada taɓo ya ɓata wa kowa takalmi, kuma a ƙarshen bazara irin yanzu, wanda ya taka shi da rana ƙafa ba takalmi sai ya yi rawar da bai shirya ba. Abin da ke tashe ni da safe shi ne tarin babur ɗin maƙwabcinmu, wanda ba ya tashi sai an yi ta bugunsa, sai injin jan ruwa, sai masu keke napep da ke kiran fasinja a bakin titi. A cikin wannan hayaniyar nake shirin makaranta, a cikinta nake dawowa, har na saba. Amma duk shekara idan zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa bai zubar da komai ba, sai kunnena ya shiga neman wata 'yar ƙara da babu ita a unguwar nan. Na san shekaruna ba su kai na mai cewa "a zamaninmu" ba, ko sakandare ban gama ba. Sai dai abin da zan ba da labari ya riga ya wuce, kuma ban ga bambancin wucewarsa da ta abin da ya shekara ɗari ba.

A Argungu na yi wayo, a hannun kakata ta wajen uba, wadda ta ɗauke ni riƙo tun da aka yaye ni. Safiya a can a jere take zuwa, kowane sauti da lokacinsa. Bayan salla sai a ji guga ta faɗa rijiya, sai taɓarya ta farko daga gidan da ke bayanmu, sai wata ta amsa mata daga can wani gida, sai jakunan albasa su biyo lungunmu, masu su na kora su da murya ƙasa-ƙasa. Idan iska ta biyo ta gulbi takan zo da ƙarnin kifi da ƙamshin laka, idan ta biyo ta fadama takan zo da hayaƙin ƙona kara. Aikina na safe shara ne da wanke kwanukan jiya, sannan in kwashe ruwan da ya taru a kaskon wurin alwala in kai wa itacen lemun tsami. Kaka ba ta yarda a watsar da ruwa a tsakar gida. Takan ce ruwan da ya wanke fuska bai gama aikinsa ba tukuna.

Ni yarinya ce marar magana, kuma ba ciwo ne ya hana ni ba. Maganar tana nan a cike a kaina, sai dai idan ta iso maƙogwaro sai ta tsaya. Baƙo ya yi sallama, in shige bayan randa. A aike ni sayen daddawa, in nuna ta da yatsa. A makaranta malamai sun san rubutuna, ba su san muryata ba. Kaka ta sa mini suna Kurma don tsokana, takan ce, "Ke Kurma, wa ya ɗinke miki baki ban ba shi zare ba?" Ita kaɗai nake yi wa magana, ita ma sai na matsa jikinta na kai baki kusa da kunnenta, kamar mai faɗin abin da ba a son bango ya ji.

Garkar Kaka ɗan fili ne a bayan ɗakinta, an kewaye shi da zana. Akwai yakuwa a ciki, da rama, da tushen barkono biyu, amma babban abin da ke ciki shi ne itacen lemun tsamin da kakana ya dasa kafin ya rasu. Sana'ar Kaka gumi ce: ta jiƙa shinkafa, ta turara ta a babbar tukunya, ta baza a tabarmi ta sha rana kafin a kai inji. A garkar ake shanyar, ni ce kuma mai gadi. In zauna a inuwar lemun da dogon kara a hannu, in kori kaji da tantabaru, in tashi lokaci-lokaci in motsa shinkafar da ƙafa don ta bushe daidai. Yaran unguwa sun tsani gadin shanya saboda yana hana su wasa. Ni kuwa ban san aikin da ya fi shi daɗi ba, don ba wanda zai tambaye ni komai, kuma komai yana zuwa gabana in kalla. Na san ramin kowace tururuwa. Na san ƙadangaren da ya rasa rabin wutsiya, da lokacin da yake fitowa.

A reshen lemun da ya karkata yamma akwai kauci, wannan tsiron da ba ya taɓa ƙasa, sai dai ya fito a jikin wani itace ya yi zamansa. Na garkarmu ya yi cunkus kamar an ɗora kwando a kan reshen. Yawancin shekara ba wanda ke kula shi. Amma idan bazara ta yi nisa sai ya fitar da fure, jajaye sirara, a tsaye a jere kamar tsinkayen ashana, kowanne kansa a rufe. Da furen ya cika, sai wata safiya in ji 'yar ƙara siririya daga sama, tsit-tsit-tsit, da sauri kamar mai ita yana makara. Ɗan tsuntsun nan sha-kauci ya iso ke nan. Ban san inda suke yin sauran watanni ba, ba kuma wanda ya sani a gidanmu. Kaka takan ce daga kudu suke tahowa da damina, suna gaba tana baya.

Namijin bai fi babban yatsan Bappana, ƙanen babana, ba. A inuwa baƙi ne, amma da ya juya rana ta taɓa shi sai ya zama kore mai sheƙi, irin na sabon zaren surfani, da ja a ƙirji, da ɗan rawaya gefe da gefe, da gashin wutsiya biyu sirara da ke binsa a baya. Bakinsa dogo ne, ya ɗan lanƙwasa kamar allurar ɗinkin buhu. Macen ba ta da kwalliya ko kaɗan, launin busasshen ganye gare ta, kuma ta fi shi hankali. Wani lokaci namijin yakan tsaya a iska a gaban fure, bai sauka a komai ba, fukafukansa na kaɗawa har ba a ganinsu. Abin da na fi so shi ne abin da na gano da kaina bayan na daɗe ina kallo: furen kauci ba ya buɗewa shi kaɗai. Sai tsuntsun ya taɓa kansa da baki, sannan ya fashe farat ɗaya, leɓunansa su naɗe baya, ya watsa masa wani gari a goshi. Ya sha abin da zai sha, ya wuce na gaba da goshinsa fari-fari kamar yaron da ya saci garin tuwo.

A lokacin ciwon yana ya fara rufe idon Kaka. Tana ganin haske da duhu, tana gane mutum da tafiyarsa, amma abu ƙarami ya fi ƙarfinta. Sai na zama idonta a garka. Kowace safiya a irin wannan lokaci, idan na dawo daga ba lemun ruwa, tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne tana dama fura, sai ta ce, "Sun iso?"

In matsa kusa da kunnenta in ce, "Namijin ya iso."

"Wutsiya ta hito mishi?"

"Ta fito, amma ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"To, da saura. In ta daidaita ki hwaɗa mini, in sa Bappanki shi hau ɗaki shi yi yaɓe."

Haka take lissafin shekararta. Idan wutsiyar namijin ta cika, a gyara rufin ɗaki. Idan macen ta fara tsintar yanar gizo a jikin zana tana haɗa sheƙa, a fito da iri a duba ko ƙwari sun shiga. Idan an ji kukan 'ya'ya, to damina ta zauna, a daina shanya a waje sai da ido a sama. Wani dattijon maƙwabcinmu ya taɓa ce mata wannan camfi ne. Ta ce, "Malam, ban ce tsuntsu ya san gaibu ba. Allah ka kawo ruwa. Su dai sun riga mu jin ƙamshinshi."

Akwai doka ɗaya a kan kaucin nan, kuma duk unguwa an san ta. Mata sukan zo neman kaucin lemun tsami don magani, wasu daga nesa, Kaka kuma ba ta hana kowa. Amma daga ranar da ya yi fure har tsuntsayen su fitar da 'ya'yansu, ko ganye ɗaya ba a tsinka. "Masu shi ba su ƙare ba," in ji ta, "ki komo in sun yaye ɗiyansu." Wata mata ta taɓa yin fushi, ta ce, "Haba Inna, yanzu tsuntsu ya fi mutum?" Kaka ta ce, "Bai fi ba. Amma ke kina da asibiti, ga shi can bakin hanya. Shi ko ba ya da wani kauci a unguwag ga." Na taɓa ganin ta kori wani ƙaton mai magani da muciya, ya shigo da wuƙarsa yana cewa kaɗan zai yanka. Idan lokacin ya wuce, ita da kanta take laluba reshen da 'yar wuƙarta, ta yanki abin da bai wuce tafin hannu ba, ta bar saura.

Ina aji biyar aka kawo mana sabon malamin noma. Wata rana ya shigo aji da reshen gwaiba, da kauci a jikinsa. Ya tsaga wurin da suka haɗu da wuƙa, ya zagaya da shi benci-benci yana nuna mana yadda saiwar kaucin ta nutse cikin naman itacen. Ya ce wannan tsiro ba ya nema wa kansa ruwa, na itacen yake sha, yana sha yana ƙiba, itacen na ramewa har ya mutu. Ya ce duk wanda ke da shi a gida ya gaya wa manya a sare. Na rubuta kowace kalma. Da na dawo gida na zauna gadin shanya, na ɗaga kai, sai na ga abin da na shekara ina kallo ban gani ba. Inda kaucin ya kama, reshen ya kumbura ya yi ƙulli. Daga nan zuwa gaba ya sirance, ganyensa ya yi rawaya, ƙarshensa ya bushe. Malam bai yi ƙarya ba. Kwana da kwanaki maganar tana cina, ban kuma kai ta kunnen Kaka ba, don ban san yadda ake gaya wa mutum cewa abin da yake karewa yana kashe abin da mijinta ya dasa ba.

Ran wata Juma'a ce. Bappa, ƙanen babana, wanda ke noman shinkafa a fadama kuma yake zaune da iyalinsa a sashen gaba na gidan, ya dawo masallaci ya ɗauko kwanonsa ya zo inuwar lemun don ɗakinsa ya yi zafi. Kaka ta shiga ɗaki ta kwanta kamar yadda ta saba bayan azahar. 'Yar tagar ɗakinta garkar take kallo, amma na ɗauka barci ya riga ya ɗauke ta. Bappa ya miƙa hannu ya tsinko lemu don ya matsa a miyar kifi, ya matsa, ya sake matsawa, ɗigo biyu suka fito. Ya jefar da shi.

"Wanga icce ya tsuhwa," ya ce, shi da kansa yake magana. "Bara ma haka ya yi. Ko taki za ni zuba mishi?"

Har yau ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Ji na yi kawai na ce, "Ba tsufa ba ne, Bappa. Kauci ne ke shanye masa ruwa."

Ya waiwaya hagu da dama yana neman mai maganar. Da ya ga ba kowa sai ni, sai ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Ke? Ashe kina da halshe? Mi kinka ce?"

Na miƙe tsaye kamar a aji, na zuba masa darasin daga farko har ƙarshe. Muryata ta fito da ƙarfi, tas, har ni kaina na ji ta baƙuwa. Na kama hannun rigarsa na kai shi ƙarƙashin reshen, na nuna masa ƙullin, na nuna masa ganyen da ya yi rawaya, na ce ya kwatanta da na ɗaya gefen. Ya yi ta kallo, yana kallon reshen yana kallona.

"Sake hwaɗi in ji," ya ce. Na sake. Ya tafa hannu yana dariya. "Wallahi ɗiyag ga likita za ta zama. Shekara nawa muna zaune ƙarƙashin abin ga awa makahi, sai Kurma ta gane."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Wani irin daɗi ne da ban taɓa sani ba, ya taso daga ciki ya cika mini ƙirji. Babban mutum mai gemu ya bar abincinsa yana sauraro na. Ina cikin wannan daɗin na ga ya wanke hannu ya shiga sashensa, ya fito da adda.

Na san akwai sheƙa. Kwana uku kafin nan na gaya wa Kaka cewa macen ta fara kwanci. Sheƙar tana rataye a wani siririn reshe a tsakiyar kaucin, kamar 'yar jakar kwalli, an saƙa ta da yanar gizo da audugar rimi da gutsattsarin ganye, da 'yar ƙofa a gefe. Wanda bai san tana nan ba zai ɗauka datti ne iska ta maƙale. Kalma ɗaya ta isa. Da na ce a bari sai bayan damina, da ya bari, don Bappa ba mugu ba ne, dokar ce kawai bai taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Amma ya riga ya sa ƙafa a gindin itacen, ya juyo ya ce, "In anka bar ko kaɗan sai shi komo, ko ba haka malaminku ya ce ba?" Bakin da ya buɗe ɗazu ya koma ya rufe. Tsoro nake kada ya ga likitarsa ta zama yarinya mai kukan tsuntsu. Na gyaɗa kai.

Sara bai fi goma ba. Macen ta fita fit a sara na farko. Namijin ya yi ta kewaya kan Bappa yana wannan ƙarar tasa, amma yanzu ba tsayawa, Bappa na kore shi da gwiwar hannu kamar ƙuda. Reshen ya yi ƙara ya faɗo a gefen tabarma, jajayen furanni suka watsu cikin gumi. Bappa ya sauko yana share zufa a goshi, ya ja reshen ya jefa wa awaki ta kan zana. Bai ga sheƙar ba sam. Ta cire ta faɗi kusa da ƙafata. Na ɗauka, ba ta da nauyin komai. Ƙwai biyu ne a ciki, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ɗaya ya fashe, ɗayan da ɗuminsa. Na cusa ta a jikin zana, wai ko uwar za ta gane. Kafin magariba tururuwa sun rufe ta.

Sai bayan la'asar Kaka ta fito. Ta yi alwala, ta yi salla, sannan ta lalubo bango ta shigo garka. Ta tsaya ƙarƙashin lemun ta ɗaga fuska. Ko mai yana ya san inda inuwa take jiya.

"An yi haske," ta ce.

Bappa ya ce, "Inna, na raba iccen ne da abin da ka kashe shi." Bai ambace ni ba. A lokacin na ɗauka rufa mini asiri ya yi.

Na jira muciya. Na jira faɗan da za a ji har bakin gulbi. Kaka ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Sannu da aiki." Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Kurma, kwashe gumin ga, ya sha rana." Na durƙusa ina tsince furanni daga cikin shinkafa ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na dawo daga ba lemun ruwa, tana dama fura, ba ta tambaye ni komai ba. Ba ta sake tambaya ba kuma. Namijin ya yi kwana uku yana zuwa, ya sauka a kututturen reshen, ya leƙa nan ya leƙa can, ya tafi. Daga nan shi ke nan. Damina ta zo kamar kullum, ba ta nemi izinin kowa ba. Da shekara ta zagayo lemun ya yi 'ya'ya har rassansa na taɓa zana, Bappa ya riƙa cika kwarya yana rabawa maƙwabta, yana ba su labarin yadda ya zauna ya yi nazari ya gano ciwon itacen. Mata masu neman magani suka daina sallama. Ni kuwa na ƙara shigewa ciki. Ko a kunnen Kaka maganata ta koma "to" da "a'a", don duk lokacin da na matsa kusa da ita sai in ji abin da na ɓoye ya riga kowace magana isowa bakina, sai in haɗiye su duka.

Lemun da aka ceta bai ƙara shekara uku ba. Bappa ya sayi injin ban-ruwa, ya rasa inda zai ajiye shi da buhunan shinkafa, aka sare itacen aka tone saiwarsa, aka gina ɗaki da bulo a kan garkar. Ba a yi wata doguwar shawara ba. A shekarar idon Kaka ya rufe gaba ɗaya, babana ya zo da mota ya kwaso mu zuwa Birnin Kebbi, ita da tukunyar guminta da ba ta sake ɗorawa a wuta ba.

A nan an ba ta ɗaki mai tayil da fanka. Ba ta rasa abinci ba, ba ta rasa magani ba, kowa na gaishe ta da safe. Amma matar da ke gane saura kwana nawa ruwa ya sauka daga tsawon wutsiyar tsuntsu, yanzu sai an gaya mata ko wane wata ake ciki. Kunnenta ma ya fara nauyi. Tana zaune da carbi daga safe zuwa dare, idan an ɗauke wuta ta ce zafi, idan an kawo ta ce sanyi. A makaranta mun karanta ƙaurar tsuntsaye a littafi, da zanen kibiyoyi a kan taswira, muka haddace don jarrabawa. Kwanaki wata 'yar ajinmu ta nuna mana bidiyo a waya, wani ɗan tsuntsu a wata ƙasa mai nisa yana tsaye a iska yana shan ruwan sukari daga kwalbar da aka rataya masa a bayan gida. 'Yan mata suka taru suna sha'awa. Mai wayar ta ce, "Su komai nasu mai kyau ne. Mu nan sai ungulu da hankaka." Ina tsaye a bayansu ina ji. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a unguwarmu ta yanzu gaskiya ta faɗa.

Asabar ɗin da ta wuce ina shanya kayan makaranta a igiya, sai na ji ƙarar. Na ɗauka kunnena ne ke yi mini abin da ya saba. Ta sake. Maƙwabciyarmu ta gabas Bayarabiya ce mai sayar da atamfa a kasuwa, ta daɗe a garin nan, tana da wata fulawa mai hawa bango da ta leƙo ta kan katangarmu da jajayen furanni. Na kifa bokiti na hau. Yana nan, a tsaye a iska, kore ya koma baƙi, baƙi ya koma kore.

Matar tana wanke-wanke ta ɗago ta gan ni. "'Yata, lafiya? Me kike leƙe?" Na nuna da yatsa. Ta ce, "Au, wannan ɗan gayun? Jiya ma ya zo. Ba ya gaisuwa, sha kawai ya tafi." Kafin ta rufe baki ya tsallake rufin kwano ya ɓace.

Ban tsaya goge hannu ba na shiga ɗakin Kaka. Na durƙusa na kai baki kunnenta na ce, "Kaka, na ga sha-kauci."

Carbin ya tsaya a hannunta. "Ina?"

"A katangar maƙwabta." Sai sauran maganar ta biyo, ban iya tare ta ba. "Kaka, ni na sa Bappa ya sare kaucin nan. Ni na gaya masa. Na san da sheƙa, ban faɗa ba. Kina barci ranar."

Ta yi wata gajeriyar dariya da ba daɗi a cikinta. "Barci? Da adda a gindin tagata?"

Na ce, "To me ya sa ba ki fito ba?"

"Na tashi. Har na kama asabarin ƙohwa." Ta juya carbin sau ɗaya ta ajiye shi a cinya. "Tun da anka kawo mini ke nike jiran in ji muryarki daga nesa, ba a kunne ba. Ran nan na ji ta. Ina kwance na ji ɗiyata tana karanta ma ƙato karatu, tas, ba tsoro. Na ce in na hito na hana, a gaban Bappanki, na nuna maganarki banza ce, ba ki ƙara buɗa baki har ki mutu. Kuma ba ƙarya kinka yi ba. Sai na koma na kwanta, na ja zane na toshe kunne."

Fanka na juyawa a samanmu. Ruwan hannuna ya jiƙa mata gefen zane, ba ta janye ba.

"Na ce tsuntsu shi tahi, in dai ɗiya ta samu baki," ta ce. "Sai ga shi tsuntsu ya tahi, ke ko kinka ƙara shigewa ciki. Dut biyu na rasa."

Na ce, "Ki yafe mini."

"Mi?"

Na sake faɗa, na ɗan ɗaga murya.

"Ba abin yahewa ba ne, yarinya kike. Haushi ne dai, shi ko bai hita ba." Ta lalubo carbinta. "Wanga da kinka gani, shi kaɗai ne ko da matarshi?"

"Shi kaɗai."

"To, wucewa shika yi, ba shi zama inda babu kauci. Tahi ki ƙarasa shanyarki."